Ɗaya ga Watan Ɗaya

A asibitin Injiniya suke ce mata, ko da yake ko katanga ba ta taɓa ginawa ba. Aikinta tsara rumbun bayanai: ta zauna da mutanen wata ma'aikata, ta ga abin da suke rubutawa a takardunsu, sannan ta zana wa kwamfuta yadda za ta riƙe shi. Asibitin ƙarami ne, na masu ciwon da ba ya warkewa sai dai a yi ta lallaɓawa, galibi suga da hawan jini. Shekara ashirin da biyu suna aiki da katin kwali, sai masu wurin suka ce lokaci ya yi a koma na'ura, aka ɗauko ta.

Suka ba ta tebur a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin kati da wurin wanke hannu. Manhajar da take aiki da ita ta san ta kamar yadda tela ya san kekensa. Fili ne fari a fuskar kwamfuta, sai ta ja akwati ta sa masa suna Majiyyaci, ta ja wani ta ce Ziyara, ta ja na uku ta ce Magani. A cikin kowane akwati ta jera gurabe, ta faɗa wa kowane gurbi abin da zai karɓa: wannan rubutu, wannan lamba, wannan kwanan wata. Daga nan ta ja layi tsakanin akwatunan, majiyyaci ɗaya yana da ziyara da yawa, ziyara ɗaya tana da magani da yawa. In ta ja layin da bai yi ma'ana ba, manhajar ta mai da shi ja. In ta gama, manhajar da kanta take fitar da fom ɗin da ma'aikata za su riƙa cikewa. Tana kuma ajiye tarihin duk abin da aka taɓa, wa ya canza me, wace rana, ƙarfe nawa. Wannan ne Injiniya ta fi yabawa in tana nuna wa mutane, don a ganinta shi ke kashe gardama.

Mai kula da ɗakin kati wani dattijo ne siriri, tabaransa a ɗaure da zare ta bayan kai. Baban Kati kowa ke kiransa. Da shi aka buɗe asibitin. In majiyyaci ya leƙo taga, kafin ya gama gaisuwa Baban Kati ya juya ya zaro katinsa daga cikin kanta.

Ranar da ta nuna masa zanenta ya daɗe yana kallo, hannunsa a baya.

"Baba, kowane kati yana da ranar haihuwa ko?" in ji ta.

"Yana da layinta dai."

"To na sa ta tilas. Fom ba zai ajiyu ba sai an cike ta."

"Wanda bai san tasa ba fa?"

"Ai yanzu kowa da katin shaida. Kuma Likita yana buƙatar shekaru a rahotonsa."

"To," in ji shi. "Ke kika san aikinki."

Shi mutum ne mai faɗar magana sau ɗaya. Ita kuma a ranar hankalinta yana kan akwatin Magani, wanda ya ƙi daidaita.

Aka ɗauko mata biyu su kwafe katunan cikin kwamfuta, kati dubu goma sha ɗaya da ɗoriya. A mako na farko ɗayarsu ta zo teburin Injiniya da kati a hannu, ta juya bayansa. Akwai rubutu da fensir, ƙanana: "mai kaji". Ta nuna mata wani: "surukin direba". Wani kuma: "ba ta ji sosai, a ɗaga murya".

"Anti, waɗannan ina za mu sa su? Babu gurbinsu."

"Ku bar su. Ba bayanin lafiya ba ne."

Suka bar su. Katin da ba shi da ranar haihuwa kuwa, sai su duba shekarun da aka ƙiyasta wa mai shi, su cire daga bana, su rubuta ɗaya ga watan ɗaya, fom ya ajiyu. Ba su faɗa mata ba, don ba su ɗauke shi abin faɗa ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Cikin wata huɗu aka gama. Aka ɗaure katunan a kwalaye aka jibge a sito, aka mai da Baban Kati bakin ƙofa yana raba wa masu layi lamba. A can ma ya kan tsaya ya tambayi tsofaffi ya ƙafa, ya jikoki, har na baya su fara tsaki.

Sai wata matsala ta fito. A shekarun kati mutane kan ɓatar da lambarsu, a buɗe musu sabon kati, don haka mutum ɗaya sai ya bayyana sau biyu ko uku a kwamfuta. Likita, shugaban asibitin, mutum ne mai sauri, mai magana yana tafiya. Ya tsaya a teburinta wata safiya ya ce jiya ya duba wani mutum, rabin tarihinsa a nan, rabi a can, sai ka ce an raba gado.

"Na'urar taki ba ta iya gane mutum ɗaya ne?"

"Tana iyawa, ranka ya daɗe."

Manhajar kuwa tana da wannan. Sai ka faɗa mata guraben da za ta kwatanta, ta bi rumbun kaf ta fito da waɗanda suka yi kama, ta ba kowane biyu maki. Injiniya ta zaɓi suna, sunan mahaifi ko na gida, ranar haihuwa, adireshi da lambar waya. Manhajar ta kawo biyu-biyu har ɗari huɗu da goma sha biyu da suka haura maki casa'in da biyar. Ta ɗauki arba'in ta duba da idonta, duka arba'in mutum ɗaya ne. Da ta danna a haɗe, wani ƙaramin saƙo ya fito yana tambaya ko tana so a riƙe tsohuwar lambar kati a jikin kowace ziyara. Ta yi tunanin lambobin za su cika fuska, su rikita nas-nas, ta ce a'a. Kafin ruwan shayinta ya huce an gama. Likita ya yaba mata a taron ma'aikata.

Mako biyar bayan haka, da hantsi, mai ba da magani ya zo ya tsaya a kanta. Bai yi sallama ba, abin da ba halinsa ba.

"Likita yana kiranki. An kwantar da wata tsohuwa a ɗaki na biyu."

A ofis Likita ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Ya ce matar nan shekara tara tana zuwa, hawan jini kawai gare ta. Ranar Litinin ta zo, sabon likitan da ke taimaka masa ya buɗe bayananta ya ga an rubuta ciwon suga, ya ga maganin da aka saba ba ta, ya sabunta. Ba ta karatu. Ta ga ƙwayoyin sun bambanta, ta ɗauka canji aka yi mata. Kwana uku tana sha. Yau da safe tana ba kajinta hatsi ta yanke jiki ta faɗi.

"Wa ya kawo ta?"

"Faccalarta, matar wan mijinta. Gida ɗaya suke. Ita ce mai ciwon sugan. Ta ga gumi da karkarwa ta gane, ta dama suga a ruwa ta ɗura mata kafin a samo mota. Da ba don ita ba, da yanzu wata maganar muke yi." Ya nuna fuskar da biro. "Sunansu ɗaya. Mazansu wa da ƙane, sunan gida ɗaya. Adireshi ɗaya. Lambar wayar ɗan ɗayarsu ce a katunan biyu. Kuma wai rana ɗaya aka haife su. Ɗaya ga watan ɗaya."

Injiniya ta ja baya. Ta nemi kujera ta zauna.

"Waɗannan 'yan kwafen ne," in ji Likita. "Wa ya ce su ƙirƙiro wa mutane ranar haihuwa? A nemo min su."

"Ku ba ni minti goma, ranka ya daɗe."

Ta koma teburinta ta buɗe tarihin canje-canje. Komai yana nan a jere, ba ragi. Ranar da aka sa gurbin haihuwa tilas, sunanta. Ranar da aka kunna haɗewa, sunanta. Saƙon da ya tambaye ta ko a riƙe tsoffin lambobi, da amsarta, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida. Ta sa manhajar ta ƙirga mata mutanen da aka haifa ɗaya ga watan ɗaya. Dubu uku da ɗari biyu da wani abu. Kusan mutum ɗaya cikin uku. Gurbin da ta dogara da shi ya bambanta mutane, shi ne ya mai da su tagwaye.

Ta gwada komawa baya. Manhajar tana iya mai da zane yadda yake a kowace rana da ta wuce, akwatuna da layuka da ƙa'idoji. Amma ziyarce-ziyarcen da aka zuba wuri ɗaya ba ta san na wa da wa ba ne, tunda an ce mata ta zubar da lambobin. Kwafin ajiya kuma na kwana talatin ake riƙewa, yau kwana talatin da biyar.

Ta koma ofis, ta tarar da Likita a tsaye yana sa riga.

"Ba laifinsu ba ne. Ni na rufe musu ƙofa, suka bi ta taga. Haɗewar ma ni na yi, kuma na'urar ta tambaye ni, na ƙi."

Ya dube ta. "Sauran ɗari huɗun fa?"

"Ban sani ba. Yau ɗin nan zan sa wa dukkansu alama ja, kada a rubuta wa kowa magani sai an tambaye shi da baki. Sannan a buɗe min sito."

Kafin sito ta biya ɗaki na biyu. Ba wanda ya ce ta je, ƙafarta ce ta kai ta. Gadaje huɗu ne, fanka ɗaya tana juyawa da ƙara. Tsohuwar tana kishingiɗe, ƙaramar mace mai faɗin fuska, an sa mata ƙarin ruwa. A kujerar gefe wata doguwa ce zaune, tabarau a hanci, tana ɗinke bakin wani ɗankwali da allura. Injiniya ta durƙusa ta gaishe su, ta yi wa ta kan gadon sannu.

"Ke nas ce?" in ji mai kaji.

"A'a, Inna. Ni ce mai aikin kwamfutar. Ni na haɗa bayananku wuri ɗaya. Kuskurena ne ya kwantar da ke. Na zo in ba ku haƙuri."

Doguwar ta ɗago daga ɗinkinta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce kika haɗe mu?"

"Ni ce, Inna."

"To sannunki. Shekara goma sha takwas surukarmu ta yi tana son ta haɗa kanmu, har Allah ya karɓi abinsa ba ta iya ba. Ke kin yi a rana ɗaya."

Ta kan gadon ta fara dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Kar ki biye mata, 'yar nan. Bakinta ya fi allurarta tsini. Tashi ki zauna."

Injiniya ta zauna a bakin gado. Suka ba ta labari, suna katse juna. Shekara ɗaya aka kawo su gidan. In surukarsu ta kira suna su biyu suke amsawa, ko su biyu su yi shiru, kowa ta ce ta ɗauka ɗayar ake nufi. Daga baya aka koma kiran ɗaya da ɗinki, ɗaya da kaji, har 'ya'yan unguwa ba su san sunansu na yanka ba. Mazan sun rasu, 'ya'ya sun watse, su biyu suka rage a tsakar gida ɗaya suna faɗa a kan igiyar shanya.

"Kajinta sun cinye min alayyafo sau uku," in ji mai ɗinki. "Amma da na gan ta a ƙasa, gumi kamar an watsa mata ruwa, na ce wannan ai ciwona ne, me ya kai shi jikinta? Na shiga ɗakinta na ga kwalin magani. Nawa ne sak. Na ce yau kuma har magani za a sata min."

"Inna, wace ce babba a cikinku?"

"Ni," suka ce tare.

Mai kaji ta gyara kwanciya. Murmushin ya bar fuskarta. "Ni dai abin da ya dame ni, na faɗa wa yaron nan na taga ƙwayar ba irin tawa ba ce. Ya duba na'ura ya ce haka aka rubuta. Na ce to, ni wa? Da Baban Kati ne, da ya san ni."

Injiniya ta miƙe. Ta sake ba da haƙuri ta fita.

Ta sami Baban Kati a bakin ƙofa da damin lambobi a hannu. Labari ya riga ya iso masa.

"Baba, ina neman taimakonku."

Ya miƙa wa mai gadi lambobin, ya laluba aljihu ya ciro makullin sito. Ashe bai taɓa mai da shi ba.

Sito ɗaki ne mai ƙaramar taga ɗaya, da warin kwali da tsohon maganin wanke ƙasa. Kwalaye arba'in da bakwai, kuma waɗanda suka ɗaure su ba su bi lamba ba. Ta kawo kwamfutarta ta ɗora a kan wani tsohon gadon turawa. Tana karanto suna, shi yana nemo katunan, su shimfiɗa biyun gefe da gefe. Abin da ya fara yi kullum shi ne juya bayansu. A katin farko da suka nema, fensir ya ce "mai ɗinki", a na biyu "mai kaji".

"Me ya sa ba ku gaya min amfaninsu ba, Baba?"

"Ba ki tambaye ni ba. Kuma ni ma ban ɗauke shi wani abu ba. Don kaina nake rubutawa, kada in kunyata a gaban mutane." Ya hure ƙura daga katin. "Suna ai aro ne, 'yata. Unguwa ɗaya sai ki sami mutum goma da shi. Abin da mutum yake yi, da wanda ya rako shi, da yadda yake tafiya, su nake riƙewa."

Ranar Asabar da safe tana gida tana yi wa 'yarta kitso a tsakar ɗaki, mahaifiyarta na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti. Tun rasuwar mahaifin Injiniya tsohuwar take zaune a wurinta.

"Umma, wai yaushe aka haife ki?"

"Ke za a tambaya. Ba ke kika cike min takardar katin shaida ba?"

Hannun Injiniya ya tsaya a kan yarinyar. Ta tuna. Tana aji biyar na sakandare, layi ya yi tsawo, rana ta take, ma'aikacin ya ce ba zai karɓi takarda da gurbi a buɗe ba. Ita da hannunta ta rubuta ɗaya ga watan ɗaya.

"Ni dai an ce min da damina ne," in ji mahaifiyar, "don kakarku ta ce ruwa ya hana ungozoma zuwa. Watan ɗaya kuwa ina ya ga ruwa? Amma tunda kun rubuta, shi ke nan, na zama 'yar rani."

"Mama, kin ja min gashi," in ji yarinyar.

Ta sassauta, ta ci gaba da kitson. Abin ya tsaya mata a rai har yamma. Ta san wannan tun tana yarinya, a cikin gidansu, amma da ta zauna gaban farin filin nan na manhaja sai ta zana mutane irin waɗanda fom yake so.

Kwana goma sha ɗaya na aiki suka yi a sito. Yawancin biyu-biyun mutum ɗaya ne da gaske, kamar yadda manhajar ta ce, har Baban Kati ya yarda na'urar tana da ido. Amma sun sami guda tara da ba haka ba. Akwai uba da ɗa masu suna ɗaya, da aka ƙiyasta musu shekaru ba daidai ba. Akwai wani mai gyaran keke da aka haɗe da wani mamaci, ya zo karɓar magani aka ce masa a rubuce ya rasu, ya yi fushi ya koma saye a kemis. Baban Kati ya hau kekensa ya je har rumfarsa ya ba shi baki ya dawo da shi. Sauran, Allah ya taimaka, babu wanda ya sha abin da ba nasa ba. Ziyara ɗaya-ɗaya suka riƙa rabawa, tana shigarwa yana karanto mata daga kati, yatsansa a kan layi.

Da suka gama ta koma kan zane. Wannan karon ta ja kujera ta biyu ta ce ya zauna. Ta buɗe kwafin gwaji, wato wani rumbu na daban da manhajar ke bayarwa, inda za ka rushe ka gina ba tare da ka taɓa na gaske ba. Ta cire tilas daga ranar haihuwa. Nan take manhajar ta jero mata abubuwa ashirin da shida da canjin zai shafa, fom-fom da rahotanni, har da lissafin awon magani. Likita da ya gani ya ce shi fa ba zai yi aiki ba shekaru ba. Suka yi ta ja har aka tsaya a tsakiya: shekara tilas ce ko da ƙiyasi, rana da wata kuwa sai wanda ya sani, kuma a ƙara gurbi mai nuna ko an tabbatar ko ƙiyasi ne. Duk wanda aka ƙiyasta, manhajar ba za ta ƙara lissafa haihuwarsa a kwatance ba.

"Saura fensir ɗinku, Baba. Me za mu kira gurbin?"

"Ki ce laƙabi."

"Ai 'ba ta ji sosai' ba laƙabi ba ne."

Ya sosa gemu. "To ki ce, yadda za a gane shi."

Haka ta rubuta. A ƙarƙashin kowane gurbi manhajar tana da wurin bayani, wanda a da take tsallakewa don gaggawa. Ta cike na wannan da kalmominsa, ta koma ta cike na sauran. Haɗewa kuma ta sa ba ta yiwuwa sai mutum biyu sun amince, ɗayansu wanda ya ga majiyyacin da ido, kuma tsoffin lambobi su zauna ko sun cika fuska. Aka sake kiran matan nan biyu su kwafe bayan katuna. Likita ya ce Baban Kati ya bar bakin ƙofa ya zauna tare da su, don shi kaɗai ke iya karanta rubutunsa.

Mai kaji an sallame ta tun kwana na uku. Da lokacin zuwanta ya zagayo ba ta zo ba. Faccalarta ta zo ita kaɗai, ta ce mai kaji ta ce ta gaji da asibitin da bai san ta ba, ta koma wani asibitin can kusa da gidan 'yarta. Injiniya ta ji zafin wannan fiye da faɗan da masu asibitin suka yi mata a rubuce. Ta roƙi a buga mata tarihin matar na shekara tara, wanda suka tsince da hannu, ta sa a ambulan ta ba mai ɗinki ta kai mata, don sabon likitan ya san daga inda zai tashi.

"Zan kai," in ji mai ɗinki, tana cusa ambulan a jaka. "In kajinta ba su cinye ba."

Haɗi ɗaya ne ya gagare su. Katuna biyu, suna ɗaya, unguwa ɗaya, dukkansu hawan jini. Na farko ya daina zuwa shekara shida da suka wuce, na biyu an buɗe shi bayan wata bakwai, shi ma ya yi shekara biyu ya tsaya. Bayan katunan fari fat, don lokacin Baban Kati yana jinyar ido, wani ne ya riƙe masa ɗakin. Lambar wayar ba ta shiga. Ya je adireshin ya tarar an rushe gidan an yi shaguna, mai sayar da fenti a wurin ya ce bai san kowa ba.

"Na'urar me ta ce?" ya tambaye ta da ya dawo, yana share gumi.

"Maki casa'in da bakwai."

"Ke fa?"

"Ni ban sani ba, Baba."

"Ni ma haka."

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta ja wani sabon layi, daga akwatin Majiyyaci ya zagayo ya dawo cikinsa, ta sa masa suna "wataƙila mutum ɗaya ne". Manhajar ba ta mai da shi ja ba. Ta raba katunan biyu, ta ɗaura su da wannan layin, ta rubuta a gefe cewa duk wanda ya zo da sunan nan a zaunar da shi a tambaye shi a hankali. Har ta gama kwantiraginta a ƙarshen shekara babu wanda ya zo. Baban Kati ya ce zai ci gaba da tambaya in ya bi ta unguwar, tunda hanyar gidan ƙanwarsa ce.